Cima Mai Cire Matsattsaku

Cima ta girma ba ta taɓa ganin matsattsaku ba. Ba ita kaɗai ba, duk ƙauyenmu haka yake, don ƙasarmu ta gabashin Garhanga ƙasar duwatsu ce, ruwa ba ya zama a cikinta. In an yi ruwan sama, kori, wato rafin da ke gudu da damina kawai, ya ɗauko shi da ƙarfi ya wuce, kafin la'asar sai yashi mai danshi. Abin da mace ta sani game da ruwa shi ne guga da igiya da doguwar tafiya da tulu a ka.

Mijinta Aƙilu, kamar yawancin mazan Adar, noma yake yi da damina, in an kai hatsi rumbu ya kama hanyar Abijan, inda yake da teburin shayi, sai gab da shuka ya dawo. Ita ke zama da uwar mijin, Furera, da 'ya'ya uku. Gajeriyar mace ce mai ƙarfin hannu, ba ta da yawan magana. Halinta ɗaya da kowa ya sani: in abu ya ɗaure mata kai, sai ta tsaya tana dubansa har masu jiranta su gaji su tafi.

Da furoje, wato shirin raya karkara, ya zo da aikin tare ruwa, mata ne suka fi fita, tunda maza ba sa gari. Cima tana cikin waɗanda suka yi ta jidar dutse a ka zuwa bakin kori, ana ba su hatsi da mai da kifin gwangwani. Cikin duwatsun da ake fasawa a kan tudu akan sami wasu a murɗe, siffar katantanwa sak, amma dutse ne zalla. Tsofaffi suka ce ragowar ruwan Ɗufana ne. Cima ta tara su cikin wata tsohuwar ƙwarya, 'ya'yanta suna wasa da su.

An gama baraji, wato madatsar ruwan, a shekarar 1990. Damina ta sauka, ruwa ya taho kamar kullum, ya tarar da bango ya tsaya. Tabki ya kwanta a bayan gari, kaka ta wuce yana nan, rani ya shigo yana nan. Ciyawa ta fito a gefensa. Kwaɗi suka zo, da zalɓe, da ƙananan dodon koɗi masu manne wa ganye, ba wanda ya san ta ina suka bi. Fulani da Buzaye suka fara biyowa da dabbobi suna shayarwa. Mutanen gari suka ji daɗi, kowa yana ɗiba yana sha yadda ya ga dama.

A bazarar 1992 Cima ta dawo daga neman itace da tsakar rana, ƙishirwa ta kama ta. Ba ta da moɗa a hannu, sai ta ajiye kayan, ta durƙusa a bakin tabki inda ciyawa take, ta kafa baki ta sha har ta ƙoshi. Ba ta ji komai ba.

Bayan 'yan kwanaki ta fara jin susa a can cikin maƙoshi, kamar ƙaiƙayin hatsi ya maƙale. Daga nan in ta tofar da miyau sai ta ga ja. Muryarta ta dishe. In ta kwanta sai ta ji numfashi yana yi mata wuya, dole ta tashi zaune. Furera ta sa aka kira wanzami, ya duba ya ce beli ne ya sauka, ya yanke shi. Ciwon yankan ya warke, jinin bai tsaya ba.

Furera ta taɓa ganin irin wannan. Mijinta da tari ya mutu, yana fitar da jini, kuma ita ta yi jinyarsa. Wata safiya ta shigo ɗakin Cima da sabuwar ƙwarya da ludayi, ta ajiye a gefe.

"Wagga taki ce daga yau," ta ce. "Kada ki ji haushina, ɗiyata. Ƙananan nan nike dubi."

"Na gane, Inna."

"Kuma a yaye yarinyar."

Aka yaye ƙaramar 'yar Cima ba ta kai lokaci ba, aka mai da yaran duka ɗakin kakarsu. Cima tana jin kukan 'yar ta bayan zana, ba halin ɗauka. Mata suka rage shigowa, masu zuwa sukan tsaya daga ƙofa su yi sannu. Wasu suka ce tarin fuka ne, wasu suka ce aljanin tabki ne, tunda an tare masa hanya. Ta rame, tafin hannunta ya yi fari, in ta ɗaga taɓarya sai jiri ya ɗebe ta.

Yayanta Ɗayyabu ne ya zo daga ƙauyensu ya ga halin da take ciki. Ya kai ta asibitin Keita, majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya saurari ƙirjinta ya ce bai ji abin da yake tsoro ba, amma jinin da yawa, a wuce da ita babban asibitin Mishan na hanyar Madawa. Suka hau kamyon, babbar motar kaya ta 'yan kasuwa, tana zaune kan buhunan wake da tsumma a baki.

A can aka auna majinarta aka ce ba tari ba ne. Mai kula da ɗakin matan da aka kwantar da ita wata ce Hulda, Kirista, haifaffiyar wajen Urno, wadda ta daɗe tana aikin jinya. Ta lura jinin Cima ja ne wur, mai ruwa-ruwa, ba ya daskarewa a cikin tasa. Ta zauna a bakin gado.

"Baiwar Allah, ina kuke shan ruwa a garinku?"

"Dā rijiya. Yanzu tabki gare mu."

"Kin taɓa kafa baki kin sha?"

Cima ta tuna ranar da ta dawo daga neman itace, ta ce, "Na taɓa."

Hulda ta faɗa wa lokotoro, wato babban likita, abin da take zato, ya ce a gwada. Washegari aka hana Cima ruwa tun safe. Da rana ta take, leɓenta ya bushe, Hulda ta zaunar da ita kan kujera, ta sa ta sunkuyar da kai ta buɗe baki, ta kawo tasar ruwa mai sanyi dab da haɓarta, amma ta ce kada ta kuskura ta sha. Suka zauna haka. Can Cima ta ji abu yana motsi a bayan ganɗarta, yana miƙowa a hankali. Ta so ta zabura, Hulda ta dafa kafaɗarta.

"Kada ki motsa, 'yar'uwa. Ƙishirwar da kike ji, shi ma ita yake ji."

Lokotoro ya haska tocila, ya fesa wani magani mai ɗaci, ya jira kaɗan, ya sa dogon hantsaki ya kamo. Abin ya fito baƙi, mai santsi, ya kai tsawon yatsa da kauri, aka jefa shi cikin tasar. Ya dunƙule, ya sake miƙewa, ya fara iyo yana lanƙwasa kamar zare a iska.

Cima ta duba ta duba. Abin da ta fara faɗa shi ne, "Mi ne sunanshi?"

"Matsattsaku."

"Yaya ya shiga, da girmanshi haka?"

"Sa'ad da ya shiga bai fi tsinken tsintsiya ba. Jininki ne ya mai da shi haka."

Hulda ta yi mata bayani gwargwadon abin da ta sani. Irin wannan, haƙoransa ba su da ƙarfin huda fata, shi ya sa yake jiran mai shan ruwa, mutum ko dabba, ya bi ya manne inda nama yake da laushi. Miyansa yana hana jini daskarewa, don haka ko ya ƙoshi, wurin yana ci gaba da zuba. Ta ce danginsu ɗaya da tana, a dubi jikinsa gaɓa-gaɓa kamar an jera zobba. Ta ƙara da cewa kowane ɗaya namiji ne kuma mace, amma duk da haka sai biyu sun haɗu kafin a sami ƙwai.

Cima ta yi dariya, karo na farko cikin makonni, har maƙoshin ya yi mata zafi. Ta ce, "To wa ke daka, wa ke tahiya Abijan?"

Da za a zubar da shi ta roƙa a ba ta. Hulda ta yi mamaki, amma ta samo kwalba ta zuba ruwa ta sa shi ciki, ta ɗaure bakin da ƙyalle.

"Mi za ki yi da shi?"

"In na ce musu tsutsa ce, ba su yarda. Sai sun gani."

Jinin ya tsaya bayan kwana biyu. Aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, suka dawo gida. Ta ajiye kwalbar a tsakar gida kan turmi, gari ya taru yana kallo, har liman ya zo ya leƙa. Furera ta daɗe tana duban abin. Sannan ta shiga ɗakin Cima ta ɗauko ƙwaryar nan da ta ware, ta dama fura a ciki, ta sha, ta miƙa wa jikokinta. Ƙaramar kuwa ta ƙi zuwa wurin uwarta, sai da aka yi mako tana leƙenta daga bayan zanen kaka kafin ta yarda a ɗauke ta.

Kowa ya zaci Cima za ta kashe matsattsakun bayan an gama kallo. Ba ta kashe ba. Ta ajiye kwalbar a inuwa bayan randa, tana sauya masa ruwa, in ta gama aiki ta zauna tana dubansa. Ta gano baki biyu gare shi na mannewa, ƙarami a gaba, babba a baya, kuma da na bayan yake riƙe wuri, na gaban yana lalube. In zai hau jikin kwalba sai ya kafa gaba, ya jawo baya, ya yi baka, ya sake miƙewa. In inuwar hannu ta gifta ko an taɓa ruwan sai ya taso. Ta gwada kama shi da yatsu, ya zame. Ta gwada da tsumma mai kaushi, ya kamu. Ta ɗiga ruwan gishiri kusa da shi ya yanƙwane ya saki kwalbar nan take, ta yi maza ta mai da shi ruwa mai daɗi. Ruwan taba ma haka, sai dai shi sanyaya shi yake yi kamar ya yi maye.

Aƙilu ya dawo gab da damina ya tarar da labarin. Ya gode wa Allah, ya tafi har ƙauyen su Ɗayyabu ya yi godiya, amma kwalbar ba ta yi masa daɗi ba.

"Abin da ya so kashe ki, shi kike kiwo?"

"Ba kiwo nike ba, Malam, ban ba shi komi. Ina son in ga yaushe yunwa za ta kashe shi."

Yunwar ba ta yi sauri ba. Damina ta wuce, aka yi girbi, Aƙilu ya koma Abijan, abin yana nan da rai, sai dai ya sirance. Sai cikin sanyin da ya biyo baya ta tashi ta tarar ya mutu a gindin kwalbar.

Kafin nan aikinta ya riga ya fara. Maƙwabcinsu Alƙasim yana da sa na jan amalanke, wanda ya fara dalalar da miyau mai jini, ya daina cin abinci sosai, yana ramewa. An riga an yi magana da mahauci. Cima ta wuce ta ga san a ɗaure, ta tsaya kamar yadda ta saba, sannan ta ce wa Alƙasim ya ba ta yini ɗaya, kada a shayar da shi. Alƙasim ya ga ba abin da zai rasa, ya yarda.

Da la'asar maza suka riƙe san, aka sa guntun itace tsakanin muƙamuƙansa. Ta kawo kwano da ruwa kusa da hancinsa, ta sa wata mata ta riƙe madubi tana mai da hasken rana cikin bakin. Suna nan manne a ƙarƙashin harshe da gefen dasashi, har uku. Ta jiƙa tsumma da ruwan taba ta danna a kansu, ta jira, ta naɗe yatsunta da busasshen ƙyalle ta zare su ɗaya bayan ɗaya. San ya sha ruwa, da safe ya ci harawa. Ya yi wa Alƙasim aiki shekaru bayan haka.

Labari ya bi makiyaya. Kafin shekara ta zagayo ana kawo mata shanu da jakuna da raƙuma daga wajen Buza da Karofan, duk inda aka yi sabon tabki. Maƙeri ya ƙera mata dogon awartaki mai faɗin baki, ta naɗe bakin da zare don kada ya yanke abin biyu. Kayan aikinta ke nan, da garin taba, da gishiri, da madubi, cikin wata 'yar jakar fata. Ba ta yanka wa kowa lada. Bafulatani ya kawo nono, Buzu ya kawo cuku, wani ya ce Allah ya saka ya tafi. Mutum kuwa, in ba a bakin hanci ko leɓe take ganin abin ba, ba ta taɓawa. Takan ce a tafi inda aka cire mata nata, a nemi Hulda. Sau da dama ita ke raka matan har can, ta kai wa Hulda kuɓewa busasshiya, su zauna su yi hira a bayan ɗakin jinya.

Ta kuma dage wa matan gari da tace ruwa. Duk wadda ta gani a bakin tabki ba ƙyalle a bakin tulu sai ta yi mata magana. Wasu suka bi, wasu suka ce Cima ta ga abu sau ɗaya ta hana duniya shan ruwa.

A ranin 1996 aka kawo mata wata karsana ta wani mai suna Ɗantala, daga ƙauyen da ke gaba da namu. Abin ya yi nisa can cikin maƙogwaro, madubi da ƙyar yake kai haske wurin. Ta ce ba ta so. Ɗantala ya matsa, ya ce ya yi tafiya, kuma an ce ba a kawo mata dabba ta koma da ciwo. Ta yarda. Don ta ga wurin, sai aka ɗaga kan karsanar sama. Ta sa ruwan taba, abin ya saki kafin awartaki ya kama shi, ya faɗa hanyar numfashi. Karsanar ta yi ta shure-shure tana neman iska, aka yi maza aka yanka ta kafin ta zama mushe.

Ɗantala ya kai ƙara wurin maigari. Aka tara dattawa, aka ji waɗanda suka riƙe dabbar, suka shaida cewa ta ƙi tun farko, shi ya matsa. Maigari ya tambaye ta ko tana da magana.

"Ranka ya daɗe, hannuna ne ke cikin bakinta sa'ad da abin ya faru. Wannan ban musu ba."

Aka yanke cewa ba ramuwa a kanta, tunda taimako ta yi kuma an ci naman. Duk da haka ta rataye jakar fatar a ƙusa, ta yi watanni tana mai da mutane. Furera, wadda a lokacin tsufa ya kama ta sosai, ita ce ta yi mata faɗa, ta ce ungozoma ma ana mutuwa a hannunta, ba ta fasa zuwa in an kira. Cima ta koma aikin, amma da sharaɗi: kan dabba ƙasa zai duba, ko da za ta kwanta a turɓaya ta leƙa daga ƙasa, kuma abin da idonta bai gani sarai ba, ba ta sa masa taba. Ta riƙa sa masu dabbobin su matso su ga yadda take yi, ta ba su awartakin su riƙe da kansu.

A hankali aikin ya ragu. Maza suka haƙa gajerun rijiyoyi a cikin yashi ƙasa da baraji, inda ruwan tabki ke tsatsowa a tace, aka yi kwamin siminti na shayar da dabbobi. Makiyaya da yawa sun koyi yi da kansu, kowa da ƙullin tabarsa a aljihu. Furera ta rasu bayan sallar layya ta 1998. A shekarar da ta biyo Aƙilu ya gaji da hanyar Abijan, ya sami aikin lambun albasa kusa da Madawa, ya kwashe iyalinsa suka koma can.

Na gan ta a kasuwar Madawa ƙarshen shekarar 1999, tana zaune da tire na gabu da busasshen tumatir. Ta yi ƙiba kaɗan. Muka gaisa, ta tambayi mutanen gari gida-gida. Muna cikin magana wani mai amalanke ya tsaya kusa da mu yana sauke buhuna, jakinsa yana dalalar da miyau mai ja. Ta katse maganar, ta tashi, ta nemi izinin mutumin, ta kama haɓar jakin ta juya shi wajen rana ta buɗe bakin. Ta daɗe tana dubawa.

"Linzami ne ya yanke shi," ta ce wa mutumin. "Ka sassauta mishi, ka wanke da ruwan kanwa."

Ta goge hannunta da gefen zane, ta dawo ta zauna, ta ci gaba da tambayata wa da wa aka aurar bana.